Yadda Za Ka Rage Tsoro da Zafi da Abin Sauraro Ranar Awon Hanji da Kyamara

Mutane da yawa a Maradi kan daɗe suna ganin jini a bayan gida suna cewa basir ne, suna ta shan jiƙo da sassaƙe, sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sannan su je likita. Idan an yi sa'a likitan ya rubuta koloskopi, wato awon babban hanji da ake zura siririn bututu mai kyamara ta dubura, sai kuma takardar ta kwana a aljihu wata da watanni. Kuɗi na cikin dalilan, amma tsoro da kunya sun fi yawa. Wani ya ji labarin awon a bakin wanda ya sha wuya, wani kuwa tunanin kwanciya gaban baƙin ido kaɗai ya ishe shi.

Akwai wata dabara mai araha da ke rage wannan fargaba, ita ce mutum ya shiga ɗakin awon da abin sauraro a kunne: kiɗa mai sanyi, waƙa, ƙasida ko karatu. Ko a nan garin aka ba ka rana, ko an tura ka Yamai, ko ka tsallaka Katsina ko Kano, wayar da ke aljihunka ta isa. Sai dai abin yana son shiri tun kwanaki kafin ranar. Wanda ya bari sai ya hau gado sannan ya fara laluben waƙa a waya bai cika samun wani amfani ba.

Fara da sanin inda zafin yake fitowa

Babban hanji ya kai tsawon mita ɗaya da rabi. Daga dubura yakan yi ƴan lanƙwashe-lanƙwashe a ƙasan ciki ta hagu, ya hau sama zuwa ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ya karya kwana ya gitta ciki zuwa dama kusa da hanta, ya sake karya kwana ya gangara ƙasa inda ya haɗu da ƙaramin hanji. Bututun awon kaurinsa bai wuce na yatsa ba, kuma aikin gaba ɗaya yakan ɗauki minti 20 zuwa 45.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne fatar cikin hanji ba ta jin yanka. Idan likita ya tsinko ɗan nama don a kai gwaji, ko ya cire wani tsiro, ba ka jin komai. Abubuwa biyu ke kawo ciwo. Na farko iskar da ake hurawa don hanjin ya buɗe a gani, ita ke sa ka ji ciki ya kumbura kamar bayan gida ya matsa maka. Na biyu jan da hanji ke yi wa tantanin da ya riƙe shi sa'ad da bututun ke ratsa lanƙwasa. Duk wanda ya taɓa zura zariya a ƙubakar wando ya san yadda yadi ke tattarewa a gaba sai an ja baya an miƙar da shi. Haka likita ke yi, ya tura, ya ja baya, ya miƙar, ya ƙara turawa.

Saboda haka ciwon ba ya ɗorewa daga farko har ƙarshe. Yana zuwa ne a murɗa-murɗa, galibi a mintocin farko wajen lanƙwasan ƙasan hagu, sannan a kwanonin nan biyu na sama, kowace murɗa ta ƴan daƙiƙoƙi. Da bututun ya kai ƙarshe aka fara janyowa, wanda a lokacin ne ake yin ainihin dubawar a tsanake, yawanci wahalar ta wuce. Riƙe wannan a ranka, don duk shirin sauraron a kansa za a gina shi.

Abin da sauraro ke iya yi, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Mai jin tsoro yana ɗaure cikinsa, yana riƙe numfashi, yana matse jiki. Ɗaurarren ciki kuwa yana wahalar da wucewar bututu, sai zafi ya ƙaru, sai tsoron ya ƙaru. Ga kuma hankali da ya tattaru wuri guda yana jiran ciwo, ko ɗan motsi aka yi sai ya ji shi babba. Tun a 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa saƙon ciwo ba ya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, akwai wurin tacewa a lakar gadon baya, kuma halin da zuciya ke ciki yana iya ƙara buɗe hanyar ko ya rage ta. Sauti mai sanyi da mutum ya saba da shi yana ɗauke wani kaso na hankali, yana sassauta numfashi da bugun zuciya, jijiyoyin ciki su saki.

An gwada wannan a asibitoci. A 2002 a Hong Kong an raba mutum 165 da za a yi wa wannan awo gida uku, aka ga waɗanda aka haɗa musu kiɗa mai sanyi da maganin kwantarwa sun nemi maganin ƙasa da waɗanda aka ba magani kaɗai. A 2015 mujallar likitoci ta Lancet ta tattara gwaje-gwaje 73 da suka shafi kusan mutum 7,000 da aka yi wa tiyata da makamantanta, sakamakon ya nuna raguwar fargaba, da ciwo, da yawan maganin ciwon da aka sha. Amma wani nazari na 2009 da ya haɗa gwaje-gwaje 8 na koloskopi kaɗai, mutum 712, ya samu cewa waɗanda suka saurari kiɗa sun fi gamsuwa da yadda awon ya gudana, alhali ciwon kansa da yawan allurar da aka yi musu ba su bambanta sosai ba.

Yadda nake karanta wannan shi ne: a kan tsoro, sauraro yana aiki kusan ga kowa. A kan zafi, wani ya samu sauƙi, wani kaɗan ne. Don haka kada wani ya ce maka ka ƙi allurar kwantarwa saboda kana da waƙa a waya. Idan akwai allurar kuma likita ya ga ta dace da kai, karɓi abinka, ka haɗa da sauraron. Inda kuwa ake yin awon ido biyu, ko don tsadar maganin barci, ko don ciwon zuciya ko na huhu ya hana a ba ka shi, nan ne wannan dabara ta fi daraja.

Mataki na farko: yi magana ranar da aka ba ka randebu, wato aka sa maka ranar awo

Kada ka bari sai ranar awo. Tun a ofishin likita ka tambaya: za a sa ni barci gaba ɗaya, ko allurar sanyaya jiki ce kawai, ko ba ko ɗaya? Amsar ita za ta nuna maka inda za ka fi buƙatar sauraron. Wanda za a ba maganin barci mai nauyi irin propofol, amfanin abin sauraro gare shi yana zaman jira da lokacin farfaɗowa. Wanda za a yi wa ƴar allura irin midazolam, ko ba za a yi masa komai ba, zai buƙace shi har cikin aikin.

Sai ka ce, "Likita, in ba damuwa, ina so in sa abin sauraro a kunne lokacin awon, yana kwantar mini da hankali." Yawancinsu ba sa hanawa, don mara lafiya mai natsuwa ya fi musu sauƙin aiki. Idan ya ce waya ba ta shiga ɗakin, tambaya ko za a bar ka da ita har bakin ƙofa. Wani lokaci idan za a cire tsiro da na'urar ƙonawa mai lantarki akan ce a cire duk wani ƙarfe daga jiki, kuma in an ce ka cire na kunnen, cirewa za ka yi ba gardama.

A wannan zaman ne kuma za ka faɗi magungunan da kake sha, musamman na tsinka jini, na ciwon suga, da ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, waɗanda akan dakatar kusan mako guda kafin awo don suna baƙanta hanji. Mace mai son a samu ma'aikaciya mace a ɗakin ta faɗa tun yanzu. In kuma ranar ta faɗo cikin azumi kuma abin ba na gaggawa ba ne, a tattauna, domin wankin cikin da ake yi kafin awon na buƙatar shan ruwa mai yawa.

Zaɓen abin da za ka saurara

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi yin garaje.

Ka'ida ta farko: abin da zuciyarka ta riga ta sani. A littattafan Turawa za ka ga ana ta ambaton kiɗan fiyano da na goge irin nasu. Ga dattijon Tibiri ko ƴar kasuwar Madarunfa da ba su taɓa jin irinsa ba, wannan hayaniya ce kawai. Gurmi da ake kaɗawa a hankali, molo, garaya, kuntigi, sarewar makiyaya, waɗannan kunnenmu ya tashi da su, kuma abin da kunne ya sani ba ya sa mutum zaman jiran me zai biyo baya.

Ka'ida ta biyu: sanyi da daidaito. Wata masaniyar jinya ƴar ƙasar Suwidin, Ulrica Nilsson, bayan ta duba gwaje-gwaje da dama, ta ba da shawara a 2008 cewa a zaɓi kiɗa mai bugu 60 zuwa 80 a minti, wanda ba ya hawa da sauka, kuma kada a ƙure murya. Wannan daidai yake da bugun zuciyar mutum mai hutawa. Aunawa ba wuya. Kunna kiɗan, ka riƙa buga yatsa a gwiwa kana bin sa, ka duba agogo na daƙiƙa 15. In ka buga 15 zuwa 20, ya yi. In ka haura 25, ajiye shi don ranar biki. Da wannan ma'auni kalangu, kiɗan ƴan kokowa, na ƴan dambe, algaita da kakaki duk sun fita, komai son da kake musu. An yi su ne don su tsima mutum, kai kuwa so kake jikinka ya mutu.

Shawarar tata ta fi karkata ga kiɗa marar waƙa. A nan ina ganin sai mutum ya duba kansa. Bahaushe da baiti ya saba, kuma bin baitin da ka haddace yana riƙe hankali fiye da kiɗa zalla. Abin gudu shi ne waƙar da ke tayar da wani abu a rai: wadda ke tuna maka mamaci, ko auren da ya mutu, ko ta siyasa, ko ta habaici, ko wa'azin mutuwa da kwanciyar kabari. Akwai lokacin da ya dace da su, amma ba kana kwance ana duba ko kana da daji a hanji ba. Haka ma waƙar barkwanci, don dariya tana girgiza ciki a daidai lokacin da likita ke son ya tsaya cak.

A Maradi akwai mutane da yawa da ba sa sauraron kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, kuma ba wanda zai ce su sauya don awon minti talatin. Ba su yi asarar komai ba. Karatun Alƙur'ani da ƙira'a mai jan numfashi, daga makarancin da ka saba ji, a surorin da ka haddace, yana da duk abin da ake nema: sanyi, daidaito, da sabo. An yi ƙananan gwaje-gwaje a asibitocin Iran da suka nuna sauraron karatu yana rage fargabar marasa lafiya. Ƙasidun yabo da ake rerawa ba kiɗa su ma sun yi. Sauraro ba ya buƙatar alwala, amma wani zai ji nauyin jin karatu alhali tsiraicinsa a buɗe, ana aiki a wannan wuri, iska na fita. In zuciyarka ba ta kwanta ba, tambayi malaminka tun da wuri. Wata hanyar ita ce ka saurari karatun a zaman jira, in an shiga ɗaki ka koma sautin ruwan sama ko na iska, kana zikirinka a zuci. Kiristoci kuma suna da waƙoƙin sujada masu sanyi da karatun Zabura. Abin da ba a so shi ne ka kwanta kana kokawa da zuciyarka a kan ko abin da kake yi daidai ne, don wannan ma wata fargabar ce.

Tsawon abin da za ka tara ya kai awa ɗaya da rabi, don jira a asibiti ba shi da tabbas. Jera shi da kanka. Na farko su zama na zaman jira. Ka ware guda uku ko huɗu da ka fi ƙauna a wuri ɗaya mai sauƙin samu, su ne na mintocin farko na awon, inda murɗar ta fi yawa.

Sannan ka zauna ka saurare su duka daga farko har ƙarshe. Masu tura waƙoƙi a kasuwa suna da komai, amma fayilolinsu sau da yawa akwai tallar shago ko ihun mai haɗa kiɗa a tsakiya, kuma wata waƙar muryarta ƙasa, mai bi mata kamar za ta fasa kunne. Zabura ɗaya a kan gadon awo tana rushe natsuwar da ka yi minti ashirin kana tarawa. Duk wadda ka samu da irin wannan, goge ta.

Waya da abin kunne

Komai ya kasance a cikin wayar ko a memori. Kada ka dogara da intanet, domin reso, wato layin sadarwa, na iya ɗaukewa a cikin ginin asibiti, ga tallace-tallacen YouTube da ke faɗowa ba sallama. Cika caji tun da dare, kada ka jira safiya wuta ta ɗauke. Kafin ka shiga, sa wayar a tsarin jirgi don kada kira ya shigo, ka kashe ƙararrawa da manhajar da ke kiran salla idan lokacin zai riske ka a ciki, tunda ita ko ba reso tana tashi.

Game da ekutar, wato abin sauraron da ake sawa a kunne, ka tuna a gefen hagu ake kwanciya, gwiwoyi a naɗe zuwa ƙirji. Babba mai rufe kunnuwa biyu ba ta kwantuwa a matashi. Ƙarama mai roba mai laushi ta fi. Mai igiya ba ta mutuwa ba ta ɓata, sai dai a kula kada ta sarƙe da robar ƙarin ruwa ko abin da ake maƙala wa yatsa, don haka a bi da ita ta cikin riga. Marar igiya ba ta sarƙewa, amma tana faɗuwa in an ce ka juya, kuma ba wanda zai tsaya neman ta a ƙarƙashin gado. Ni mai igiya nake ba mutane shawara. Mata masu hijabi sun huta, don hijabin kansa yana riƙe ta.

Dole ka riƙa jin maganar likita, don za a ce ka juya rigingine, ka ja numfashi, ka saki ciki. In ka sa a kunnen dama kaɗai, na hagu yana danne a matashi, ka zama kurma ke nan. Ko dai ka sa a na hagu ka bar na dama a buɗe, ko ka sa biyun ka rage murya. Gwajin muryar mai sauƙi ne: wani ya tsaya nesa da kai kamar tsawon hannu ya yi magana yadda ya saba. In sai ya ɗaga murya kafin ka ji, rage.

Gwaji a gida

Kwana uku ko huɗu kafin ranar, bayan sallar isha'i, kwanta a gefen hagu yadda za ka kwanta a can, ka naɗe ƙafafu, ka sa ekutar, ka kunna waɗannan da ka ware. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka bar cikinka ya taso, ba ƙirji ba. Fitar da shi ta baki a hankali kana ƙirga shida, kamar mai hura shayi. In kiɗan mai bugu 60 ne, kowane bugu daƙiƙa ɗaya ne, sai ya zama shi ke yi maka ƙirgar. In karatu ne, bi makarancin: ja numfashi inda ya tsaya, ka sake shi tsawon ayar. Ɗora hannu a ciki ka tabbatar yana laushi lokacin fitar numfashi. Minti goma zuwa sha biyar kowane dare ya isa.

Amfanin wannan shi ne jiki ya haɗa sautin da sakewa, ta yadda ranar awo da ka ji farkonsa numfashinka zai sauka da kansa. A nan ne kuma za ka gane ko ekutar tana danna maka kunne, tun da sauran lokacin sauya ta.

Wankin ciki

Mutane da yawa da aka yi wa awon suna cewa wannan ya fi awon kansa wuya, kuma shi ne ba a wasa da shi, don hanjin da bai wanku ba yana sa aikin ya daɗe, a ƙara hura iska, wani lokaci a ce ka dawo wata rana. Kwana uku kafin awo akan bar abinci mai dusa da ƙwaya da ganye: fura, tuwon gero ko dawa, dambu, kwaɗon zogale da rama, miyar kuka da kuɓewa, wake, gyaɗa, riɗi, dabino, kankana. A koma farar shinkafa, taliya, farin burodi, ƙwai, kifi ko kaza. Jajibirin awo sai ruwa, shayi ba madara da tacaccen romo. Zoɓo da duk wani jan abin sha a bar su, don a kyamara suna kama da jini.

Ɗaya daga cikin magungunan wankin ciki da ake rubutawa shi ne Fortrans, ana narkar da kowane ƙunshi a lita ɗaya ta ruwa, babba yakan sha lita 3 zuwa 4, kofi ɗaya kowane minti 10 zuwa 15. Bi takardar likitanka a kan lokacin farawa da lokacin daina shan komai. Da ɗan sanyi ya fi shiga. In lokacin zafi ne, watannin Maris zuwa Mayu da rana ke haura digiri 40, ƙara ruwa a kan maganin, don gudawar tana zuƙe jiki.

Sauraro na taimakawa a daren nan ma, ƙarshen kowace waƙa biyu ko uku ka ɗaga kofi. Amma kada ka taɓa waɗanda ka ware don ɗakin awo. Maganin yana tayar da zuciya, kuma ba ka so gobe sautin ya tuna maka da ɗanɗanonsa. Rediyo ko hira ta wadatar. Mai sauraron karatu kuma ya tuna zai yi ta zirga-zirga zuwa makewayi, sai ya kashe kafin ya shiga.

Ranar awo

Je da ɗan rakiya, ka nuna masa yadda ake kunna jerin da inda na musamman suke, don in an sa maka allura a hannu ko jiri ya ɗebe ka, shi zai taimaka. Sa tufafi masu sauƙin cirewa.

Fara sauraro tun a benci, minti 20 zuwa 30 kafin a kira ka. A zaman jiran nan ne tsoro ke taruwa, musamman in an samu mai ba da labarin yadda aka yi wa ƙanin matarsa. Gaisa da mutane, ka nemi gefe, ka sa abinka a kunne. Ɗan rakiya ya saurari kiran suna.

Da ka shiga, kafin ka kwanta, gaya wa ma'aikacin jinya cewa kana ji in an yi magana, ku kuma yi alama: in ka ɗaga hannu, zafi ya yi yawa. Kunna waɗanda ka ware, ka kulle fuskar wayar, ka ajiye ta gaban ƙirjinka inda ba za ta faɗi ba. Daga nan kada ka ƙara taɓa ta.

Likita zai fara dubawa da yatsa da man santsi, sannan bututun ya shiga. Fitar da dogon numfashi a daidai lokacin. Idan murɗa ta taso, jiki zai so ya ɗaure ya riƙe numfashi, kai kuma sai ka yi akasin haka: saki baki, saki kafaɗu, fitar da iska kana ƙirga shida. Ba wa kunnenka aiki takamaimai. Bi tsirkiya ɗaya ta gurmin, ko ka riƙa rigan mawaƙin zuwa baiti na gaba a zuci, ko ka bi ayar harafi harafi. Sauraron sama-sama ba ya riƙe hankali in ciwo ya zo, sai wanda aka sa kai a ciki. Murɗar za ta lafa, ka koma numfashinka na yau da kullum har wata ta zo. Wasu sun fi son rufe ido, wasu kallon allon na ɗauke musu hankali. Duk wanda ya yi maka.

Iska za ta nemi fita. Bar ta ta fita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ma'aikatan su suka hura ta, suna jin wannan kullum. Riƙe ta ciwo kawai yake ƙarawa. Wani amfanin ekutar da ba a cika faɗa ba ke nan, kai kanka ba ka jin ƙarar sosai, kunyar sai ta ragu.

Abu ɗaya nake ja wa mutanenmu kunne a kai, shi ne dauriya. An raine mu a kan cewa namiji ba ya raki, mace kuma ta cije. A wannan ɗaki cijewa ba jarumta ba ce. In zafi ya yi tsanani ko ya ƙi lafawa, ɗaga hannu ka faɗa. Likita na da abin yi: ya ja bututun baya ya miƙar, ya zuƙe iska, ya ce ka juya, ya sa a danna maka ciki da hannu, ko a ƙara allura. Ciwonka yana gaya masa halin da hanjin ke ciki, kuma abin sauraron bai kamata ya rufe wannan ba. Haka in ka ji jiri, gumi mai sanyi ko amai.

Bayan an gama

Ci gaba da sauraro a ɗakin hutawa in kana so, kana kwance a gefe har iskar ta fita. Kumburi da ƴar murɗa na awoyi kaɗan ba komai ba ne, ɗan tattaki yana taimakawa. Amma cire ekutar sa'ad da likita ya zo bayani, kuma ɗan rakiya ya tsaya ya ji, domin midazolam na sa mantuwa, kana iya amsa "to" ga komai ka isa gida ba ka tuna ko ɗaya ba. Tambayi abin da aka gani, ko an ɗebi nama, yaushe sakamakon zai fito, da ranar da za ka koma shan magungunan da aka dakatar.

Wanda aka yi wa allurar kwantarwa ba ya tuƙa mota ko babur sai bayan awa 24, kuma hawa bayan kabu-kabu da jiri haɗari ne, gara adaidaita ko mota. In daga Yamai za ka dawo, tafiyar fiye da kilomita 600 ce, kwana can ya fi, balle in an cire tsiro. Fara da abinci mai sauƙi, kunu ko shayi da burodi.

Ɗigon jini kaɗan bayan an ɗebi nama yana faruwa. Amma ciwon ciki mai ƙaruwa, ciki ya yi tauri, zazzaɓi, jini mai yawa ko gudaji, ko jiri har mutum ya kasa tsayuwa, waɗannan ba na kwanciya a kunna waƙa ba ne. Hujewar hanji ba ta cika faruwa ba, amma in ta faru awoyi ne ke raba sauƙi da wahala, kuma zubar jini bayan cire tsiro na iya zuwa har bayan mako ɗaya ko biyu. Ko tsakar dare ne a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, a riƙe takardar sakamakon awon a hannu don wanda zai karɓe ka ya san abin da aka yi.